Dokar Ranar Zufa

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe

Lafiyata ƙalau. Da wannan zan fara, domin tun ranar Alhamis duk wanda ya gamu da ni sai ya tsaya yana leƙen fuskata.

Yau na tashi yadda na saba, na ɗaura takalmin gudu, na rataya usur a wuya, na nufi filin makaranta. Sai na tarar da kwaɗo sabo fil a ƙofa. Maigadi ya ce, "Kyaftin, ki yi haƙuri, umarnin Hedimasta ne. Ya ce ba mai sake shiga sai ya ga takardar likita." Na ce masa shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da wasanni a filin nan, tun Hedimastan nasa bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ya ce ya sani. Bai buɗe ba.

Mu tara ne muke zagaya filin nan, sau huɗu a mako, yau shekara uku ke nan. Duk mata ne, duk masu hawan jini, ba wadda ta gaza hamsin. Ni na tara su bayan na yi ritaya, shi ya sa suke ce mini Kyaftin. Yau uku kaɗai suka zo. Muka tsaya muna kallon ciyawa ta tsakanin ƙarafan ƙofa, daga baya kowa ta kama gabanta.

Sai na karɓo makullin nan. Na rubuta a nan don kada in manta na faɗa.

Litinin, bayan la'asar

Ƙawata Tela, ɗaya daga cikin mu tara, tana asibiti har yanzu, tun ranar Alhamis. Ban samu zuwa ba, hidimar gida ta yi mini yawa.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je ofishin Hedimasta. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya sa aka kunna fanka, ya tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya. Ladabi kam akwai shi, taurin kai ma akwai shi.

Ya ce, "Malama, mace ta faɗi a filina a zagaye na huɗu. A motar mai kawo mana alli aka kai ta asibiti. Idan aka sake, me zan ce wa iyalinta?"

Na ce, "Ba za a sake ba."

Ya ce, "To ke ce shugaba. Ki je a gwada ki, likita ta rubuta cewa abin da kuke yi ba haɗari. Ranar da na ga takarda, ranar zan ba ki makulli."

Dariya ta kusa ƙwace mini. A gwada ni! Ni da nake hawa benen kasuwa ba tare da na dafa ƙarfe ba, 'yan mata na bayana suna haki. Na ce masa ya shafa wa makullin mai, Litinin mai zuwa zan dawo. Na fito ina jin ƙarfi har a yatsun ƙafata.

A hanya na bi ta gaban shagon Tela. A rufe yake. Ita ce ta ɗinka mana rigunan gudunmu masu ruwan ganye, ta yi wa tawa aljihu na musamman don usur. Tun 'ya'yanmu suna rarrafe muke tare. Ban tsaya ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Tunda sun hana ni fili, na mai da tsakar gida fili. Daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin taku ashirin da biyu ne. Na yi sau sittin, na jiƙe sharkaf. Kullum zan yi har ranar gwaji, in je musu da ƙafafu kamar ƙarfe.

Maigida yana zaune yana shan shayi, sai ya ɗauki katin maganina daga kan tebur ya juya shi gaba da baya. Ya ce, "Ikon Allah. Wata ya zo ƙarshe, ke kuma rabin katinki cike yake. Haihuwa suke yi?" Na ce masa ya ji da shayinsa kafin ya huce.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Yau mako guda. Na yi saba'in. Usur yana cikin aljihu.

Asabar, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, don wata rana kada a juya mini magana.

Ƙwayar nan ta hawan jini tana sa fitsari. Duk mai sha ya sani. Ka sha da asuba, kafin rabin awa ka fara neman inda za ka tsuguna. Mu kuwa ƙarfe shida muke shiga fili, bayan gidan makaranta kuma a kulle yake sai bakwai da rabi. Shekaru biyu da suka wuce, Uwar Biyu, wadda ta fi mu jiki kuma ta fi mu baki, ta taɓa barin layi a guje ta zagaya bayan ɗakin ajiya, sai ga Maigadi da tsintsiyarsa. Mako biyu ba ta zo ba don kunya.

Sai na zauna na yi tunani irin na malamar wasanni. Me ƙwaya take fitarwa? Ruwa da gishiri. Me zufa take fitarwa? Ruwa da gishiri. To me zai sa a yi aiki ɗaya sau biyu? Na tara su na ce, ranar zufa ba a shan ƙwaya. Suka yi mini tafi. Uwar Biyu ta ce da ni ce ministar lafiya da an huta. Tun daga nan kwana uku kaɗai muke sha a mako.

Ban tilasta wa kowa ba. Shawara ce kawai na bayar.

Lafiyata ƙalau.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Ban dawo da takarda ba.

Likitar ashe ɗalibata ce. Ita ce 'yar siririyar nan da take ɓuya bayan tankin ruwa duk ranar gudu, ina fito da ita da kunne. Tana ganina ta miƙe ta ce, "Malama! Yau dai ni ke riƙe da agogo." Muka yi dariya. Ta ce za a ɗebi jinina kafin in hau keken motsa jiki, a sake ɗiba da zarar na sauka, don a ga yadda jini yake yi idan jiki ya ɗauki zafi. Nas ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta cika 'yar kwalba ɗaya.

Da aka yi awon farko Likita ta ɗan ɗaure fuska, ta ce in huta minti goma. Na ce mata tsoron allura ne. Aka sake, ya ɗan sauka, ta ce to mu gwada a hankali.

Na hau. Wallahi na taka keken nan da kyau, ko ita ba za ta musa ba. Minti ɗaya, biyu, uku, ina yi ina ba nas labarin tankin ruwa. A minti na huɗu Likita ta daina dariya. A na biyar ta ce, "Malama, sauka." Na ce ko ɗumi ban yi ba. Ta ce, "Sauka yanzu." Ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Awon hawan jinina na sama ya haura ɗari biyu da ashirin.

Bayan an cika kwalba ta biyu, ta jawo kujera ta zauna daf da ni. "Kin sha maganinki yau?"

Na ce, "Yau ai ranar zufa ce."

Ta ce, "Ranar me?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har da ruwa da gishiri. Ta tambaye ni yaushe rabona da sha. Sai a lokacin na lura. Tunda na fara shirin gwajin nan kullum nake gudu a tsakar gida, kowace rana ta zama ranar zufa. Kwana shida ban sha ba.

Ta sa nas ta kawo ƙwaya da ruwa, na haɗiye a gabanta. Ba su bar ni na tafi ba sai bayan awa biyu.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana

Na koma karɓar sakamako. Likita ta ajiye takardu biyu a gabana, ta kafin keke da ta bayan keke. Ta ce duk wanda ya yi aikin ƙarfi jininsa yakan ɗan ƙara saurin daskarewa, jiki ne yake shiri ko za a ji rauni, daga baya ya warware da kansa. Amma mai hawan jini da ba ya shan magani, jijiyoyinsa sun riga sun sha duka, cikinsu ba sumul yake ba, sai a haɗa masa matsi da jini mai son yin guda a lokaci ɗaya. Ta ɗora yatsa a takarda ta biyu ta ce, "Naki ya yi saurin da ba na so. Zufa tana rage ruwa ne kawai, Malama, har ta ƙara wa jini kauri. Ba ta yin aikin magani."

Ta ce in sha kullum, mako uku, tafiya kawai ban da gudu, sannan a sake gwaji. Na ce na ji.

Na ɗauki jakata, sai ta ce, "Mutum nawa ne suke bin dokar nan?"

Na ce, "Tara."

"Har da wadda take kwance a sama?"

Can na ce, "Shi ne ya jawo mata?"

Ta ce, "Ba zan iya ce miki shi ne ba. Ba kuma zan iya ce miki ba shi ba ne. Abin da na sani, akwai sauran bakwai a gida."

Na hau benen har ƙofar ɗakin mata. Na hango bayan 'yar Tela tana matse tawul. Na sauko.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Na sha.

Alhamis, da yamma

Gida bakwai a yini biyu, da ƙafa! Ni na kafa dokar, ni na rushe ta, ban aiki kowa ba. Shida ba su ba ni wahala ba. Na nuna musu takarduna, na ce na yi kuskure, suka ɗauko katinsu. Kalmar nan "na yi kuskure" a gidan farko da ƙyar ta fito. Kafin in kai gida na biyar ta zama kamar sallama.

Uwar Biyu ce ta tsaya mini. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Yaya Kyaftin, shekara biyu kina cewa zufa magani ce, yau kuma wata 'yar yarinya ta juya ki? To ni ba zan sake haɗuwa da Maigadi a bayan ɗakin ajiya ba, ko za a yanka ni."

Na ce, "Idan na samo miki makullin bayan gida fa?"

Ta ce, "Ke da ko na ƙofa ba ki samo ba?"

Na ce mata ta sha ta zuba ido. Na zauna a kan turminta na ce ba zan tashi ba sai ta haɗiye. Mijinta ya fito ya ce, "Don Allah ki sha, mu samu turminmu." Ta sha tana harara ta. Bakwai cif. Na dawo gida ina 'yar waƙa, maigida ya ce ko an ba ni sarauta ne.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

An sallami Tela ranar Juma'a. Yau na je gidanta.

Tana zaune a kujera kusa da taga, an rufe keken ɗinkinta da zane. Hannun hagu yana kan cinyarta a dunƙule, shi ne hannun da take tura yadi da shi. Ta dube ni sama da ƙasa. Maganarta tana fita a hankali, kalma ɗaya sai ta huta. Ta ce, "Kin... yi... ƙiba." Na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa.

Da 'yarta ta fita ɗauko ruwa, na faɗa mata komai. Keke, kwalabe biyu, abin da Likita ta ce da abin da ta ƙi cewa. Na ce, "Ni na hana ki sha. Ni kuma na busa usur na ce a ƙarasa da gudu, alhali kin ce mini kanki yana sarawa."

Ta juya fuskarta wajen taga. Na jira har 'yarta ta ce, "Mama, ta gaji, sai wani lokaci." Na fito.

Ban taɓa rubuta zancen usur ɗin ba sai yau. Ina jin tsoron ta tsane ni, kuma idan ta tsane ni ba ta yi laifi ba.

Litinin, ƙarfe shida na safe

Na sha.

Alhamis, da hantsi

Na koma gidan Tela. 'Yarta ta ce tana barci. Daga zaure ina jin rediyonta.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Mu takwas mun yi tafiya a titin bayan makaranta, a hankali, masu kai yara a babur suna ta danna mana oda. Ba daɗi kamar fili, ƙura da ramuka, amma ba wadda ta yi fashi. Uwar Biyu ta shiga gidan wata ƙanwarta sau biyu, tana fitowa tana cewa, "Ina makullina?" Na daina jin nauyin nan a ƙeya da nake ji da safe, wanda na ɗauka matashin kai ne.

Laraba, da rana

Na aika wa Tela ƙwallon roba ƙarama, irin wadda nake ba yara su matsa. An ce masu gashin ƙashi na asibiti sun ce ta riƙa buɗe hannun tana rufewa. Ba a dawo mini da ita ba. Ba a kuma aiko da godiya ba.

Talata, ƙarfe uku na rana

Minti goma sha biyu!

Bari in sake rubutawa da kyau: minti goma sha biyu a kan keken nan, kuma Likita ce ta ce ya isa, ba ni ba. Na sama bai wuce ɗari da saba'in ba, ina sauka ya fara komawa gida. Nas ta ce, "Mama, ke fa ba dama." Na ce mata ai ba ta ga komai ba, da a filina ne da ta sha mamaki. Likita ta ce, "Malama, yau ko ni ba zan ɓuya bayan tanki ba." Na ce ƙarya take, har gobe raguwa ce.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu

Sakamako ya fito. Ta jera takardar yau kusa da ta wancan karon. Jinin bayan keke ya ɗan ƙara saurin daskarewa, amma kaɗan, irin wanda ta ce ba ya tayar mata da hankali. Ƙafafun su ne, keken shi ne, matar ita ce. Ƙwaya ce kawai ta shiga tsakani.

Ta rubuta wa Hedimasta takarda, da sharuɗɗa: kowa ta zo a auna ta, kowa ta sha maganinta kullum, a fara a hankali a gama a hankali, a zo da ruwa, ba ƙarasawa da gudu. Ta ɗaga biro za ta sa hannu, na riƙe takardar. Na ce, "Saura ɗaya. Rubuta a buɗe bayan gida ƙarfe shida."

Ta ce, "Malama, wannan ba aikin likita ba ne."

Na ce, "Shi ne asalin ciwon. Rubuta."

Ta rubuta, har ta ja masa layi.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Hedimasta ya karanta sau biyu. Da ya kai layin ƙarshe ya cire tabarau ya ce, "Yanzu duk saboda wannan ne? Me ya hana ku tambaya tun farko?" Na ce masa manyan mata tara ba sa zuwa ofishin ɗan cikinsu su yi wannan magana. Kunya ta kama shi, ya buɗe durowa ya ba ni makulli biyu.

Na bi ta gidan Uwar Biyu na kaɗa mata su a kunne. Ta rangaɗa guɗa har kajinta suka watse.

Na aika wa 'yar Tela saƙo cewa ranar Asabar za mu koma. Don dai kada ta ji a bakin wasu.

Asabar, ƙarfe tara na safe



Ƙarfe shida saura kaɗan na buɗe ƙofa da kaina. Sabuwar doka: ba mai shiga sai ta buɗe tafin hannu na ga ƙwaya, ta haɗiye a gabana. Suka yi layi cikin rigunansu masu ruwan ganye, suna tsokanar juna. Na fara da kaina, sannan ɗaya bayan ɗaya. Uwar Biyu ta haɗiye tata ta karɓi makulli na biyu ta rataya a wuya, ta ce daga yau ita ce mataimakiya.

Na juya zan shiga, sai Maigadi ya ce, "Kyaftin, saura mutum ɗaya."

Mota ce ta tsaya a bakin titi. 'Yar Tela ta fito ta buɗe baya. Sanda ce ta fara saukowa, sannan Tela. Ta sa rigarta. Daga mota zuwa ƙofa bai fi taku goma sha biyar ba, ta ɗauki lokacinta, ba wadda ta yi motsi a cikinmu. Ta zo ta tsaya a gabana, inda kowa ta tsaya.

Na ce, "Ke ba sai kin nuna ba."

Ta girgiza kai. Hannun dama yana riƙe da sanda, sai ta ɗago na hagu. Muna kallo yatsun suka fara buɗewa, babba, sannan manuni, sannan sauran, har tafin ya bayyana. Ƙwayar tana ciki, ta ɗan jiƙe da gumi. 'Yarta ta ce kwana goma take koyon wannan, da ƙwallon nan.

Ta haɗiye, ta miƙa wa 'yarta gorar ruwa, ta dafa kafaɗata. Ta ce, "Kai...na ya... yi ciwo. Ni ma... na bi... ki. Da... hankalina." Ta huta. Ta zura ido a aljihun da ta ɗinka mini. "Busa... mana. Rana... na yi."

Na ciro usur. Rabona da busa shi tun ranar Alhamis ɗin nan. Busar farko ba ta fita ba, sai ta biyu.

Zagaye ɗaya muka yi, minti ashirin da shida, mu tara, ba wadda ta wuce ta. Uwar Biyu ta bar layi sau ɗaya, ta dawo tana kaɗa makulli.

Litinin ƙarfe shida. Tela ta ce in zo in ɗauke ta, kuma kada in makara.